Tarukan taimakon juna na masu son daina shan giya: tambayoyi da amsoshi

A yawancin garuruwanmu mai shan giya a ɓoye yake sha, a ɓoye yake ƙoƙarin dainawa, a ɓoye kuma yake komawa. Ya yi rantsuwa ranar Juma'a, ya karya ta ranar Talata, babu wanda ya sani balle ya riƙa masa. Domin wannan kaɗaicin aka kafa tarukan taimakon juna. Ga tambayoyin da masu niyyar zuwa da iyalansu suka fi yi.

Mene ne taron taimakon juna, kuma me ya raba shi da asibiti ko wa'azi?

Zama ne na mutanen da giya ta taɓa fin ƙarfinsu. Wani ya shekara 20 bai sha ba, wani jiya ya ajiye kwalba. Suna haɗuwa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, kowane mako ko kowace rana, galibi na awa ɗaya, kowa ya faɗi halin da yake ciki da abin da ya taimake shi. Ba a rubuta magani, ba a kwantar da kowa, babu mai hawa mumbari. Galibi wanda ke jan zaman shi ma mai fama da matsalar ne, idan wa'adinsa ya cika ya ba wani.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tauna cingam don ɓoye wari, ɓoye kwalba a but ɗin mota, alƙawarin "wannan ce ta ƙarshe", rawar hannu da asuba har a kasa riƙe kofin shayi, duk na wurin sun san su. Saboda haka ba ka ruɗarsu, su kuma ba sa zare ido idan ka faɗi gaskiya.

Ta yaya zan san shan nawa ya kai in nemi taro?

Akwai tambayoyi huɗu da likitoci suka daɗe suna yi. Ka taɓa jin ya kamata ka rage? Ka taɓa jin haushi don an yi maka maganar shanka? Ka taɓa jin nadama bayan sha? Ka taɓa buƙatar ka sha da safe kafin jikinka ya saki? Wanda ya amsa e a biyu, ya kamata a duba shi. Wanda ya amsa e a ta huɗu, ya karanta amsar da ke biye da kyau kafin ya yi komai.

Amma taro ba ya neman takardar likita. A ƙungiyar Alcoholics Anonymous (AA), ta mashaya masu taimakon juna su daina, sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Ba sai ka rasa aiki ko aure ba. Burkutu ne, ko ogogoro, ko goskolo, ko 'yar leda, ko ta kwalba mai tsada, duk ɗaya ne a wurin.

Zan iya yanke shan yau, in fara zuwa taro gobe?

Idan kullum kake sha, kuma da yawa, kada ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai. Wannan ita ce amsa mafi muhimmanci a nan, domin yanke giya gaba-gaɗi yana kisa.

Dalili shi ne giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta saba sai ta ƙara ƙaimi don ta daidaita. Ranar da giyar ta ɗauke, ƙaimin nan yana nan babu mai danne shi. Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake fara ganin rawar hannu, gumi, tashin zuciya, bugun zuciya da rashin barci. A cikin kwana biyun farko wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuwa, wasu kan shiga mafi haɗarin mataki: ruɗewa, zazzaɓi, rashin gane mutane, ganin ƙwari ko macizai a bango. A gidaje da yawa a nan ne ake cewa aljanu ne ko jifa aka yi masa, a kulle shi a ɗaki ana turare. Asibiti yake buƙata, a wannan daren.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai sha kullum na watanni, mai rawar hannu da safe, wanda ya taɓa jijjiga ko gane-gane a wani yunƙurin dainawa, mai ciwon hanta ko suga, da mai haɗa giya da ƙwayoyin barci. Kuma duk lokacin da mutum ya yanke ya koma ya sake yankewa, alamomin kan ƙara tsanani. A asibiti ana ba da magunguna irin su diazepam ko chlordiazepoxide na 'yan kwanaki ana ragewa a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Kada ka sayi waɗannan a kemis ka ba kanka. Haɗa su da giya yana iya tsayar da numfashi.

A lura da shigowar azumi. Mutane da dama kan yi niyyar tuba su yanke ranar ɗaya ga Ramadan, sai a ga mutum ya faɗi a rana ta biyu ko ta uku. Niyyar mai kyau ce, amma a ga likita tun cikin Sha'aban.

Zuwa taro kuwa ba sai ka jira ka daina ba. Ka je ka saurara ko da jiya ka sha.

Waɗanne ƙungiyoyi ne ake da su?

Mafi yaɗuwa ita ce Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. An kafa ta a 1935 a birnin Akron na jihar Ohayo a Amurka, bayan haɗuwar mashaya biyu, Bill Wilson mai harkar hannun jari da Dakta Bob Smith likitan tiyata. Tafarkinta matakai 12 ne: yarda cewa giya ta fi ƙarfinka, miƙa lamari ga Wanda ya fi ka ƙarfi, bincikar kai a rubuce, gyara tsakaninka da waɗanda ka cutar, sannan taimakon wani mai fama.

SMART Recovery ta fara a 1994. Babu maganar addini a cikinta, kuma mai jan zaman horo yake samu. Tana koyar da abu huɗu: ƙarfafa niyya, jure ƙwaɗayin sha, sarrafa tunani da motsin rai, da gina rayuwa mai daidaito. Ana tattaunawa kai tsaye, ana cike takardun aiki. Millati Islami Musulmi ne suka kafa ta a birnin Baltimo a 1989, suka sake tsara matakan 12 a kan Alƙur'ani da Sunna. Ga Kiristoci akwai Celebrate Recovery, da Blue Cross wadda ta samo asali a Janiba a 1877, tana kuma aiki a ƙasashe kamar Ghana da Chadi. Women for Sobriety ta mata ce zalla. Wanda ke haɗa giya da tramadol ko kodin ko wiwi, zai fi sakewa a taron Narcotics Anonymous, inda ake ɗaukar giya a matsayin ɗaya daga cikin kayan maye.

Babu laifi mutum ya riƙa zuwa biyu a lokaci ɗaya.

Ni Musulmi ne. AA ba ta Kirista ba ce?

Tushenta yana da alaƙa da wata ƙungiyar farfaɗo da addinin Kirista da ake kira Oxford Group, wannan gaskiya ne. Wasu taruka, musamman a Amurka, har yanzu da Addu'ar Ubangiji suke rufewa, ana riƙe da hannun juna. Amma ƙungiyar kanta ba ta ƙarƙashin wani coci ko ɗarika, kuma matakan sun bar wa kowa Ubangijinsa kamar yadda ya san shi. Musulmi idan ya ji an ambaci Wanda ya fi ƙarfi, Allah yake nufi. Ba dole ka yi addu'ar da ba taka ba, ba dole ka riƙe hannun kowa ba. Ka tsaya shiru ko ka zauna, babu mai tambayarka dalili.

Abin da ya fi damun wasu shi ne mataki na biyar, inda mutum ke faɗa wa wani mutum ɗaya laifuffukansa, alhali an koya mana suturta abin da Allah ya suturta. A ganinmu faɗa wa amintacce don neman waraka daban yake da tallata saɓo, kamar yadda ba a ɓoye wa likita ciwo. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, kuma yana iya yin wannan matakin da malamin.

Ga wanda kunya ta hana shi motsi, akwai hadisi a Bukhari na wani sahabi da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) kan shan giya. Wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Taro ba ya maye gurbin tuba, taimaka mata yake ta ɗore.

Yaya zan nemo taro?

Fara da waya. Shafin aa.org yana nuna ofisoshin ƙungiyar ƙasa-ƙasa. Akwai kuma manhaja kyauta mai suna Meeting Guide, mai hoton farar kujera, da ke nuna taruka mafi kusa da kai. Sai dai abin da ofisoshin yanki suka saka kawai take nunawa, don haka idan ka buɗe ta ka ga fayau, ba lallai ne babu komai a garin ba. Tarukan intanet na AA suna jere a aa-intergroup.org, ana iya tace su da harshe da lokaci, akwai na Turanci, Faransanci da Larabci, dare da rana. Mutanen Nijar, Kamaru da Chadi su nemi sunan Alcooliques Anonymes. Na SMART suna smartrecovery.org.

Hanya ta biyu ita ce asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri da na Dawanau a Kano, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jos, duk suna ganin masu fama da shaye-shaye. Ka tambayi nas ko jami'in jin daɗin jama'a na sashen: akwai zaman rukuni na waɗanda aka sallama? Wace rana? Na waje zai iya shiga? Irin wannan zaman ba kasafai ake tallata shi ba, sai an tambaya.

Kafin ka kama hanya, ka kira ko ka aika saƙo ka tabbatar. Jadawalin da ke intanet yakan tsufa: an canja ɗaki, an canja rana, ko rukunin ya watse. Mutum ya tara ƙarfin hali na wata guda ya je ya tarar da ƙofa a kulle, wannan kaɗai ya isa ya mayar da shi mashaya. Idan hakan ta faru, ka shiga na intanet a wannan ranar.

A jadawali na ga wasu an rubuta Open, wasu Closed. Wanne zan je?

Na farkon kowa na iya zuwa: matarka, ɗan'uwanka, ɗalibin likitanci. Na biyun na masu son daina sha ne kawai. Idan kai ne mai matsalar, duk biyun naka ne. Idan kana son wani ya raka ka, zaɓi na farko.

Taruka kuma iri-iri ne. Akwai wanda mutum ɗaya zai ba da labarinsa na minti 20 ko 30, akwai na tattauna maudu'i, akwai na nazarin mataki ɗaya daga cikin 12, akwai na sababbin zuwa, akwai na maza zalla da na mata zalla. Ga ranar farko, na sababbin zuwa ko na mai ba da labari ya fi sauƙi, tunda zama kawai za ka yi ka ji.

Me zai faru ranar farko?

Ka iso minti 10 kafin lokaci. Galibi za ka tarar da kujeru a zagaye ko a jere, teburi da 'yan littattafai, wani lokaci da shayi. Ka ce wa wanda ka fara gani yau ne zuwanka na farko. Mai jan zama zai buɗe da ɗan shiru ko gajeriyar addu'a, a karanta bayanin abin da ƙungiyar take da matakan, sannan ya tambaya ko akwai sabon zuwa. Ɗaga hannu da faɗin sunanka na farko ya isa. Daga nan mutane za su yi magana ɗaya bayan ɗaya, kowa minti uku zuwa biyar.

Akwai ƙa'idar da ke ba sababbi mamaki: a AA ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba a ba shi shawara a gaban jama'a. Kowa kansa yake magana a kai. Ka gama, a ce an gode, a wuce. Ba rashin kulawa ba ne. Wannan ne ke sa mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, tunda ya san babu mai yi masa faɗa.

Kusa da ƙarshe ana zagayawa da kwando. A wasu rukunoni ana ba da ɗan tsaba mai kama da kwabo ga wanda ya cika awa 24, ko kwana 30, 60, 90, ko shekara. Bayan an tashi kada ka yi saurin fita. Minti 15 ɗin nan na bayan taro ne ake ba da shawara da lambobin waya. Ka karɓi lamba biyu ko uku.

Dole ne in yi magana, ko in ce ni mashayi ne?

A'a. Idan zagaye ya zo kanka, ka ce yau sauraro ka zo yi. Al'ada ce mutane su faɗi sunansu su ƙara da cewa su mashaya ne, ba doka ba ce, kuma a SMART ma ba a yi. Sunan da ka bayar ba a neman katin shaidarsa.

Nawa ake biya?

Ko sisi. Abin da ake jefawa a kwando na son rai ne, na kuɗin ɗaki da shayi da littattafai. AA ba ta ma karɓar gudummawa daga wanda ba ɗanta ba. Duk wanda ya nemi kuɗin rajista ko na fom da sunan AA, ba ita ba ce.

Idan wani ya gan ni fa? Asirina zai rufu?

Ƙa'idar ita ce wanda ka gani da abin da ka ji a ɗakin, a ɗakin za ka bar su. Ba a rubuta sunayen mahalarta, ba a ɗaukar hoto, ba a naɗar murya. Wanda ka haɗu da shi a ciki abin da ya kawo ka ne ya kawo shi. Idan kun gamu a kasuwa ko masallaci, gaisuwar da kuka saba kawai za ku yi.

Amma alƙawari ne na mutunci, ba irin sirrin likita ko lauya da doka ta kare ba. A jihohin da ke aiki da dokokin shari'a tun daga shekarar 2000, shan giya laifi ne ga Musulmi, ga kuma abin da tonon asiri ke yi wa aure da aiki da mutuncin gida. Saboda haka a cikin taro ka yi magana a kan halin da kake ciki, ka bar sunayen mutane, wurin aikinka da duk abin da ya shafi kotu. Waɗannan na mutum ɗaya amintacce ne. Idan unguwarku ta yi maka kusa, ka je ta nesa ko ka fara da intanet.

Taron intanet yana da amfani? Yaya ake shiga?

Yana da shi, kuma ga mace mai aure da ba ta da hujjar fita da yamma, ko mutumin garin da babu rukuni, shi ne abin da ke akwai. Yawanci a Zoom ake yi. Ki canja sunan da manhajar ke nunawa kafin ki shiga, domin sau da yawa cikakken sunan mai wayar ne ke fitowa. Ki sa abin sauraro a kunne, ki rufe makirfo sai lokacin maganarki. Idan wayar ta gida ce, ki goge tarihin bincike. Kyamara ba dole ba ce a yawancin taruka, sai dai wasu kan nemi a buɗe ta na ɗan lokaci don tsare ɗakin daga masu kutse.

Data: murya kaɗai ba ta kai megabayit 50 a awa ba, bidiyo kuwa yana cin ɗaruruwa, don haka a kashe hoton da ke shigowa, ba wanda ke fita kaɗai ba. Lokaci: Najeriya da Nijar suna gaban Niyok da awa shida a lokacin sanyinsu, biyar a lokacin zafinsu. Da Landan agogo ɗaya ne a lokacin zafinsu, a lokacin sanyi muna gaba da awa ɗaya.

Inda intanet ke gazawa shi ne sauƙin ɓuya. Mutum yana iya wata shida yana shiga kyamara a kashe, bai taɓa cewa uffan ba, babu wanda zai lura ranar da ya ɓace. Maganin wannan shi ne ka zaɓi taro ɗaya ka lizimce shi har a san muryarka.

Sau nawa zan riƙa zuwa?

Za ka ji ana cewa taro 90 a kwana 90. Shawara ce, ba sharaɗi ba, amma tana da dalili: watanni ukun farko ne aka fi komawa, kuma awannin da giya ke ci a da yanzu sun zama fanko. Idan ƙarfe bakwai na yamma kake zama a mashaya, ka nemi taron ƙarfe bakwai. Wanda ba zai iya kullum ba, ya yi uku a mako. Kuma kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Gwada shida, a rukunoni daban-daban, domin kowane ɗaki da halinsa.

Wane ne jagora, kuma yaya ake zaɓensa?

Shi ne wanda ake kira sifonsa a tarukan Turanci: ɗan ƙungiya da ya riga ka dainawa, wanda za ka riƙa kira, ya kuma bi da kai matakan ɗaya bayan ɗaya. Kai ne ke zaɓa. Ka saurari mutane na 'yan makonni, ka nemi wanda ya yi aƙalla shekara bai sha ba, shi ma yana da nasa jagoran, yana ɗaukar waya, ba ya kawo maka labarin wasu. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Ku tsayar da lokacin kira, ko da minti biyar ne a rana.

Amfanin lambarsa kafin sha ne, ba bayan sha ba. Ƙwaɗayin giya yakan taso ya kai ƙololuwa ya sauka, sau da yawa cikin rabin awa, kuma yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya ne suka fi tayar da shi. Hira a waya tare da cin abinci takan ƙetarar da mutum. Jagora ba likitanka ba ne, ba mai ba ka rance ba ne, ba alƙalin aurenka ba ne. Idan ba ku daidaita ba, ka gode masa ka nemi wani.

Me ke lalacewa a irin waɗannan taruka?

Ƙofar a buɗe take ga kowa, kuma daina giya ba ya gyara duk halin mutum. Akwai tsofaffin 'yan taro da ke farautar sababbin zuwa, musamman mata, da sunan taimako: "bari in kai ki gida", saƙon dare, neman haɗuwa su biyu. Ki ƙi, ki faɗa wa mai jan zama ko wata mace da ta daɗe a rukunin. Akwai mai neman rance, da mai kawo kasuwanci, da mai son ja ka zuwa aƙidarsa. Akwai rukunin da mutum ɗaya ya mallake, shi ne mai buɗewa, shi ne mai kuɗi, shi ne mai hukunci. Akwai kuma wanda labaran shan da ake bayarwa ke tayar masa da ƙwaɗayi maimakon kwantar da shi. Irin wannan ya koma taron nazarin matakai ko na SMART. Duk waɗannan dalilan canja ɗaki ne, ba na barin taro gaba ɗaya ba.

Ina shan maganin da likita ya rubuta. Sai na daina?

Kada ka daina. Naltrexone da acamprosate suna rage ƙwaɗayi da komawa, disulfiram kuwa yana sa jiki ya yi mummunan tashi idan an sha giya. Haka kuma kada ka daina magungunan ciwon damuwa, farfaɗiya da taɓin ƙwaƙwalwa. Idan wani a taro ya ce mai shan magani bai daina da gaske ba, ra'ayinsa ne, kuma ya saɓa wa matsayin AA kanta, wadda ta ce kada ɗan ƙungiya ya mai da kansa likita.

Na daina na wata huɗu, sai na koma. Da wane ido zan shiga?

Da yawa daga cikin na ɗakin sun bi ta nan. Ka koma a taro na gaba, kada ka ce sai ka tsarkaka tukuna, domin wannan jiran ne ke mai da daren sha ɗaya ya zama shekara. Ka kira jagoranka, ku bi makon da ya gabaci shan daki-daki. Yawanci za a tarar an fara da rage zuwa taro, ko rigima a gida, ko shigowar kuɗi, ko komawa majalisar da. Abu biyu na lafiya: jikin da ya huta ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da, don haka tsohon adadi yana iya yin illa, kuma idan ka yi kwanaki kana sha sosai, sake yankewa yana buƙatar likita kamar karon farko.

Da gaske yana aiki?

A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken kiwon lafiya, ta fitar da nazarin da John Kelly na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka yi, inda suka haɗa bincike 27 na mutum sama da 10,000. Sun gano cewa tsarin jinya da ke haɗa marasa lafiya da AA ya kai ko ya fi sauran hanyoyin jinya na magana wajen daina sha gaba ɗaya: kimanin 42 cikin 100 ba su sha ba har shekara, a kan 35 a sauran hanyoyin. Alƙaluman sun nuna abu biyu. Taro yana taimakawa ƙwarai, kuma fiye da rabi suna sake sha a shekarar farko, shi ya sa ake haɗa shi da likita da magani idan da hali.

Mijina ne ke sha, ko ɗana. Ni me zan yi?

Akwai taron iyalai, Al-Anon, wadda Lois Wilson matar Bill tana cikin waɗanda suka kafa a 1951, da Alateen na matasan gidan. Suna yi a intanet ma. Kina iya zuwa ko da shi bai yarda yana da matsala ba. Abin da ake koya a can shi ne ba ke kika jawo shan ba, ba kuma za ki iya tsare shi da gadi ba. Zubar da kwalabe, biyan bashin mashaya, yi masa ƙarya a wurin aiki, duk suna jinkirta ranar da zai ga halin da yake ciki. Ki yi masa magana da safe idan ya wartsake, ki nuna masa lokacin taro, ki ce za ki raka shi. Idan akwai duka, tsaron ranki da na yara ne farko.

Kada a kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. Ban da azabar, ɗaure mai shan giya kullum ba tare da magani ba yana jefa shi cikin jijjigar da aka bayyana a sama.

Babu taro a garinmu. Za mu iya kafawa?

Za ku iya. A tsarin AA, mutum biyu ko uku da suka haɗu don daina sha rukuni ne, muddin ba su jingina shi ga wata hukuma ko ƙungiya ba. Ku fara halartar na intanet na wata biyu ko uku don ku ga yadda ake jan zama, ku rubuta wa babban ofishin da ke Niyok ku nemi jagora da littattafai. Ku nemi ɗakin da shigarsa ba ta jan ido, kamar aji a makaranta bayan an tashi ko ɗakin taro a asibiti, ku riƙa biyan ɗan abin haya ko da kaɗan ne, don kada mai ɗakin ya zama mai rukunin. Ku tsayar da rana da awa, kada ku canja. A buɗe ƙofa ko da mutum ɗaya ne ya zo. Wanda ya iya Turanci ko Faransanci ya karanta ya fassara da baki, sauran zaman a yi da Hausa.

Ku raba aiki: mai jan zama, mai ajiyar kuɗi, mai buɗe ɗaki, a riƙa juyawa duk wata shida. Kuɗin kwando mutum biyu su ƙirga, a rubuta, kada a tara fiye da abin da zai biya hayar wata biyu ko uku. Idan kun buɗe zauren WhatsApp, ku tuna kowa yana ganin lambar kowa da hotonsa, don haka kada a saka mutum sai da izininsa. Ku kuma ba nas ko likitan sashen shaye-shaye mafi kusa lambar mutum ɗaya da ranar zama, domin daga wurinsu yawancin sababbin zuwa za su fito.